Safar hannun Spalding a cikin dilar gwanjo: arziki ne ko tarkace?

Mai Gwanjo:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah masana ku zo ku raba ni da wani abu. Jiya na fasa dilar jakunkuna, sai ga wata ƙatuwar safar hannu ta fata a can ƙasa, ƙwaya ɗaya tal, ta hannun hagu, yatsunta ƙatti kamar rogo. A jikinta an buga tambari, SPALDING. Yaron shagona ya ce ta 'yan wasan besbol ce na Amurka, wai kuma yana gani a waya ana sayar da irin waɗannan tsofaffin kaya miliyoyin daloli. Ga hotonta nan. Na taka sa'a ne, ko in miƙa wa mai gasa masara ya riƙa juya masararsa da ita?

Autan Zaure:
Alhaji, kafin kowa ya yi magana, a rubuta cewa ni na fara yi maka murna. Kashi goma nawa ne.

Ɗan Kwando:
Ni fa na ɗauka ƙwallon kwando kaɗai Spalding ke yi. Tun ina firamare sunan da nake gani ke nan a jikin ƙwallon NBA, gasar ƙwallon kwando ta Amurka. Me ya haɗa su da besbol?

Alhajin Bronx:
Wa alaikumus salam. Ƙanena Ɗan Kwando, ka riski labarin ne daga wutsiya. Ƙwallon kwando baƙo ne a gidan Spalding. Sun riƙe ƙwallon NBA daga 1983 zuwa 2021, sannan kamfanin Wilson ya karɓa, amma tushen gidan besbol ne. Na daɗe ina tuƙin tasi a New York, kuma duk wanda ke ɗaukar fasinja a bakin filin ƙungiyar besbol ta Yankees dole ya koyi wasan nan ko ba ya so, don hirar da za a yi masa ke nan har a sauka.

Spalding sunan mutum ne, Albert Goodwill Spalding. An haife shi wajajen 1850 a wani ƙaramin gari, Byron, a jihar Illinois, mahaifinsa ya rasu yana yaro, ya tashi a Rockford. Shi mai jifa ne, wato wanda ke tsayawa a tsakiyar fili ya jefo ƙwallo ga mai riƙe da kulki. Yana matashi, a 1867, ƙungiyar garinsu ta doke wata shahararriyar ƙungiya daga Washington da ke yawo tana lallasa kowa, daga nan sunansa ya fita. Ya buga wa Boston daga 1871 zuwa 1875, ya koma Chicago a 1876, shekarar da aka kafa National League, wato lig ɗin da manyan ƙungiyoyin besbol ke gasa a ciki, ya ci wasa 47 a wannan kakar kaɗai. A dai wannan shekarar shi da ƙanensa Walter suka buɗe shagon kayan wasanni a titin Randolph a Chicago da jarin dala 800, mahaifiyarsu Harriet ce ta tallafa musu. Bai kai shekara 30 ba ya ajiye wasa ya rungumi kasuwa. Ni dai mutumin yana burge ni. Maraya ne da ya mayar da shago ɗaya ya zama masana'antu.

Malamar Tarihi:
Alhaji, barka da dare, ko in ce barka da rana tunda ku yanzu rana ce a can. Duk abin da ka faɗa haka yake, sai dai ka tsallake wurin da naman yake. Ba Spalding ne ya fara sayar da kayan besbol ba. Shekara goma kafin shagonsa akwai Peck & Snyder a titin Nassau a New York, tun 1866. Su ne ma suka buga hoton ƙungiyar Cincinnati Red Stockings ta 1869 a kan ɗan kati, tallan shagonsu a baya, kuma wannan katin yana cikin kakannin katunan 'yan wasa da ake rububi a yau. A Boston akwai Wright & Ditson tun 1871. A Philadelphia akwai Al Reach. To me ya sa sunan Spalding ne ya iso har cikin dilar ɗan'uwanmu, na sauran ya ɓace?

Amsar ita ce yana zaune a ɗakin da ake yanke hukunci. Shi na hannun daman William Hulbert ne, mutumin da ya kafa lig ɗin. Sai ya nemi a ce ƙwallonsa ne kaɗai za a buga a wasannin lig. Ba wai lig ɗin ya saya ba, a'a, shi ne yake ba su ƙwallayen kyauta, har ya ƙara musu dala ɗaya a kan kowane dozin. Abin da ya saya da wannan kuɗin kalma ɗaya ce, damar rubuta "na hukuma" a jikin ƙwallon. Daga 1878 har 1976 haka aka tafi. Duk yaron da ke wasa a lungu yana son irin ƙwallon da manya ke bugawa, a nan ribar take.

Mai Gwanjo:
Hajiya, wannan ai ba laifi ba ne, wayon kasuwa ne. Ko ni idan na samu sabon kaya ina ba wani ɗan gaye riga kyauta ya sa ya zaga unguwa.

Malamar Tarihi:
Ɗan gayen naka ba shi ke rubuta dokar kasuwar ba, ƙanena. Shi kuwa Spalding har littafin dokokin wasan shi ke bugawa. Tun 1878 yake fitar da kundin shekara-shekara, ciki akwai dokoki, sakamakon wasanni, sai tallan kayansa shafi bayan shafi. Da Hulbert ya rasu a 1882 ya zama shugaban ƙungiyar Chicago. Ka ga mai ƙungiya, mai shago, mai maɗaba'a, mai faɗa a ji a lig, duk mutum ɗaya. Shi ke kiɗansa shi ke rawarsa.

Kuma a wannan 1882 ɗin ne aka fito da wata doka ta ban dariya, wai kowane ɗan wasa ya sa riga mai launi daban gwargwadon wurin da yake tsayawa a fili. Sai ka ga ƙungiya ɗaya kamar an watsa 'yan rawa, ba a gane abokin wasa da abokin hamayya. 'Yan wasa suka ƙi jinin abin, ba a kai ƙarshen kakar ba aka watsar. Sai ku tambayi kanku wa ke sayar da rigunan.

Autan Zaure:
Wato anko aka hana su yi. Allah sarki.

Baba Baduku:
Salamu alaikum. Jikata ce take rubuta mini. Ni ban san wasan nan ba, ban taɓa gani ba, amma fata na sani, shekara sama da arba'in ina riƙe da basilla. Na sa ta buɗe mini hoton da girma. Fatar shanu ce, jimar masana'anta, ba jimar bagaruwa irin tamu ba. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne tsirkiyar fata da aka bi aka ɗaure yatsun da ita, da wannan saƙa kamar raga tsakanin babban yatsa da manuni. Wanda ya yi wannan ba safar hannu ya yi niyya ba, jaka ya ɗinka. Haka suke tun asali?

Alhajin Bronx:
Allah ya ƙara girma, Baba. Wallahi idonka ya sauka daidai inda masu sayen kayan da suke fara dubawa. Ba haka suke tun asali ba. Da farko ma babu safar hannu sam. Da hannu tsirara ake cafe ƙwallon, kuma ƙwallon besbol ba irin na roba ba ne, tauri gare shi kamar goruba. Tsofaffin 'yan wasan yatsunsu duk a karkace suke saboda karaya. Amma duk da haka wanda ya sa wani abu a hannu ragon maza ake ɗaukarsa. Wani mai cafe, wato wanda ke bayan mai kulki yana tarar jifa, Doug Allison na Cincinnati, ya sa a 1870 saboda hannunsa ya ji ciwo. A 1875 wani Charles Waitt ya sa wadda launinta ya yi kama da fatar jikinsa don kada 'yan kallo su lura, amma suka lura, suka yi ta masa ihu.

Spalding da kansa ya ba da labarin cewa ya ga Waitt da ita. A 1877, da ya bar jifa ya koma tsaron zangon farko, wato wurin da mai kulki ke fara rugawa in ya bugi ƙwallo, sai ya sa tasa, baƙa wuluk, ba ɓoye-ɓoye. Da yake shi tauraro ne, babu mai iya kiransa rago. Daga nan abin ya fara karɓuwa. Irin ta wancan lokacin, Baba, ba za ka bambanta ta da safar direban babur ba: siririyar fata, an yanke kan yatsu, ɗan ciko a tafin hannu, wasu ma hannu biyu suke sawa. Aikinta rage zafi ne kawai, ba kama ƙwallo ba.

Malamar Tarihi:
Kuma a lura, shekara ɗaya ke nan da buɗe shagonsa. Mutumin da ya cire wa maza kunyar sa safar hannu shi ne mai sayar da safar hannu.

Alhajin Bronx:
Hajiya, ke dai ba za ki bar bawan Allahn nan ya huta a kabarinsa ba. To ko don kasuwa ya yi, yatsun mutane nawa ya ceta? Kuma buƙatar ta gaske ce. A zamanin da yake jifa, ta ƙasa ake jefowa, kamar mai miƙa wa yaro lemo. A 1884 aka halatta jifa ta sama da kafaɗa, ƙwallo ya riƙa zuwa kamar harsashi, har sai da aka matsar da mai jifa baya zuwa ƙafa 60 da inci 6 a 1893. Wa zai tari wannan da hannu? Akwai masu taurin kai, irin su Bid McPhee na Cincinnati da bai sa ba sai 1896, amma su ne na ƙarshe. Har ma abin ya so ya wuce gona da iri, aka yi doka a 1895 cewa ban da mai cafe da mai tsaron zangon farko, nauyin safar kowa kada ya wuce oza 10.

Ita kuwa ragar da Baba ya gani, ba ta Spalding ba ce ma. Wani mai jifa na St. Louis, Bill Doak, shi ya kai wa kamfanin Rawlings shawarar a 1920 cewa a haɗa babban yatsa da manuni da tsirkiya yadda za a samu aljihu. Wannan ne ya mayar da ita jaka kamar yadda Baba ya ce. Ɗaure sauran yatsun kuma ya zo ne daga baya sosai.

Mai Gwanjo:
Alhaji, dakata. Gabana ya fara faɗuwa. Kana nufin tunda tawa tana da raga kuma yatsunta a ɗaure, ba ta tsufa ba?

Alhajin Bronx:
Ka sa hannu ciki ka duba wajen wuyan hannu, akwai ɗan ƙyalle da aka ɗinka. Ka karanto mana abin da aka rubuta. Kafin nan bari mu ƙarasa da Hajiya.

Ɗan Kwando:
Ni tambayata a kan wannan abin da mai cafe ke sawa a fuska ne, kamar takunkumin kare. Shi ma Spalding ne?

Malamar Tarihi:
Madalla da ka tambaya, don wannan shari'a ce sukutum. Wani ɗalibin jami'ar Harvard, Fred Thayer, shi ya ƙirƙiro shi, ya kwaikwayi garkuwar fuskar masu wasan takobi. Abokinsa Jim Tyng ya fara sawa a 1877, Thayer ya yi rajistar fasaharsa a 1878. Kafin nan ɗan guntun roba mai cafe ke cusawa a baki don haƙora, hanci kuwa sai abin da Allah ya yi. Kamfanin Spalding ya shiga ƙera irinsa yana sayarwa, Thayer ya kai ƙara kotu, ya yi nasara. Ka ga ba ni na ƙaga masa ba, Alhaji.

Sai kuma abin da ya yi wa abokan hamayya. Tsakanin 1889 da 1894 ya haɗiye Reach, ya haɗiye Wright & Ditson, ya haɗiye Peck & Snyder. Amma bai goge sunayen Reach da Wright & Ditson ba, ya bar su suna ta fitar da kaya da tambarinsu. Da aka kafa American League ta zama kishiyar National League a 1901, ƙwallon Reach ta ɗauka. Jama'a na ta musu wanne ya fi tashi, na Reach ko na Spalding, alhali kuɗin aljihu ɗaya yake shiga.

Mai Gwanjo:
Kai! Wannan ko a Kwari sai a sara masa. Shago biyu suna fuskantar juna, ka yi fushi da wannan ka tsallaka wancan, ashe duk na Alhaji ɗaya ne.

Baba Baduku:
A bar maganar wayo tukuna. Shi ƙwallon da me ake yin sa? Jikata ta nuna mini hotonsa, na ga ɗinkin ja. Wannan ba ɗinkin keke ba ne.

Alhajin Bronx:
Ba na keke ba ne, Baba, har gobe da hannu ake yi. Ɗinki 108 ne, kowanne ninki biyu, da jan zare, kuma waɗanda ake bugawa a babban lig yanzu a ƙasar Kosta Rika ake ɗinka su a masana'antar Rawlings, wanda ya karɓi kwangilar a 1977. Fata biyu ake yankawa, kowacce siffar lamba 8, a rungume su da juna. Na da can kafin wannan, fata ɗaya ce ake yanka kamar an ɓare lemo gida huɗu, a tattaro ta a ɗinke. A ciki kuma akwai ƙwaya, a naɗe ta da zaren ulu tam. Da roba ce ƙwayar. Wajen 1910 aka koma sa irin ɓawon itacen nan mara nauyi da ake toshe kwalba da shi, Ben Shibe abokin kasuwancin Reach ne ya yi rajistarsa, ƙwallo ya ƙara tashi. Fatar doki ake rufewa da ita har 1974 da aka koma ta shanu. Nauyinsa kuwa tun 1872 bai canja ba, oza 5 zuwa 5 da kwata.

Wani abin da zai ba ka mamaki, da ƙwallo ɗaya ake so a gama wasa. Idan ya faɗa cikin 'yan kallo sai a karɓo. Masu jifa su tofa masa yawu, su goga masa ƙasa da ruwan taba, kafin yamma ya yi baƙi ƙirin. A watan Agustan 1920 jifan Carl Mays ya samu Ray Chapman na Cleveland a ka, ya mutu washegari. Bayan wannan aka tsananta cewa da ƙwallo ya yi datti a canja shi.

Baba Baduku:
Allah ya kyauta. Fatar doki kam ta fi ta shanu santsi da rashin miƙewa, na gane dalilinsu. Ɗinki 108 a abu kamar lemo, wannan mai ɗinkin a gaishe shi. Sunansa ba ya jikin ƙwallon ko?

Malamar Tarihi:
Ba ya jiki, Baba. Sunan mai shago ne a jiki, kamar dai yadda fatar akuyarmu ta Sakkwato da Kano ta yi ta ƙetare Sahara, Turawa suna kiranta fatar Maroko.

Tunda an zo maganar waɗanda ba a rubuta sunansu, bari in ƙara. Ana cewa Roger Bresnahan ne ya fara sa makarin ƙwauri a babban lig a 1907, ya aro daga 'yan wasan kurket. Amma kusan shekara 20 kafin shi, baƙaƙen 'yan wasa irin su Bud Fowler da Frank Grant suna ɗaura 'yan filayen katako a ƙwaurinsu, saboda fararen 'yan wasa da gangan suke zamowa da ƙusoshin takalmi su sare su. Kuma kyaftin ɗin ƙungiyar Spalding, Cap Anson, yana cikin waɗanda suka fi ɗaga murya cewa ba za su shiga fili da baƙar fata ba. Ya yi wa Moses Fleetwood Walker haka a 1883, ya sake yi a 1887. Ƙofar ta rufe, ba ta sake buɗewa ba sai da Jackie Robinson ya shigo a 1947.

Alhajin Bronx:
Wannan gaskiya ce mai ɗaci, ba zan musa ba. Amma laifin Anson ne da zamaninsu gaba ɗaya, kada a jibga wa mutum ɗaya.

Malamar Tarihi:
Ban jibga masa shi kaɗai ba. Na dai ce yaronsa ne, kuma mai gidan da ya iya tanƙwara lig guda ba zai kasa tsawata wa kyaftin ɗinsa ba in ya so. Ka tuna abin da ya yi wa 'yan wasa a 1890. Masu ƙungiyoyi sun ƙayyade albashi kada ya wuce dala 2,500, ga kuma dokar da ta ɗaure ɗan wasa ga ƙungiyarsa ba shi da ikon tafiya. 'Yan wasa suka ɓalle ƙarƙashin John Montgomery Ward suka kafa lig nasu na kansu. Spalding ne ya jagoranci yaƙin da aka yi da su, shekara ɗaya lig ɗin ya yi ya rushe. Shi da ya taɓa zama ɗan wasa.

Shugaban Zaure:
Jama'a, ana jin daɗin muhawarar, amma a riƙa sassautawa. Alhaji da Hajiya duk manyanmu ne. A ci gaba.

Alhajin Bronx:
Ranka ya daɗe, ba faɗa muke ba, ni da Hajiya mun saba. Bari in kawo wanda ko ita sai ta yi dariya. A ƙarshen 1888 mutumin nan ya kwashi ƙungiya biyu, tasa ta Chicago da wata ta zaɓaɓɓun 'yan wasa, ya zaga duniya da su a jirgin ruwa. Ostareliya, Silon wadda yanzu ake kira Siri Lanka, sai Masar. A Fabrairun 1889 suka hau jakuna da raƙuma suka tafi gindin dalar Giza suka buga wasa a kan rairayi, suka ɗare jikin gunkin nan mai kan mutum da jikin zaki aka ɗauke su hoto. A Rum ya nemi a bar su su buga a cikin tsohon filin Kolosiyam, hukuma ta ce a kai kasuwa. A Landan har Yarima mai jiran gado ya zo kallo. Ka ce mutum bai da zuciya? Wa ya taɓa kawo wasan Amurka ƙasar Afirka kafin wannan?

Autan Zaure:
Wato da jirgin ya ɗan karkato kudu, da yanzu muna da Kano Pillars ta besbol.

Malamar Tarihi:
Na yi dariyar, Alhaji. Amma tafiyar talla ce, kuma Turawan Ingila da suka kalla cewa suka yi ai wannan wasan yaransu ne da suke kira rawundas, an dai ƙara masa gishiri. Wannan maganar ta tsaya wa Spalding a rai, kuma ita ta haifi abin da ni a wurina ya fi duk sauran girma.

Editan kundinsa na shekara-shekara, Henry Chadwick, haifaffen Ingila ne, kuma ya rubuta cewa besbol daga rawundas ya samo asali. Spalding ya ce ina, wasan Amurka dole Ba'amurke ne ya ƙirƙiro shi. A 1905 ya kafa kwamiti ƙarƙashin abokinsa Abraham Mills, ya zaɓo mutanen da kansa. Sai ga wasiƙa daga wani tsoho injiniyan ma'adinai a Denver, Abner Graves, yana cewa ya ga Abner Doubleday yana zana filin wasan a garin Cooperstown. Kwamiti ya karɓa, a ƙarshen 1907 ya yanke cewa Doubleday ne ya ƙirƙiro besbol a 1839. To a 1839 shi Graves ɗin shekararsa biyar. Doubleday kuma yana makarantar soja ta West Point. Ya zama janar a yaƙin basasar Amurka, ya rasu a 1893, bai taɓa cewa shi ya ƙirƙiro wasa ba. An ma gano wata dokar garin Pittsfield ta 1791 da ta hana buga besbol kusa da ɗakin taron gari don kada a fasa tagogi, shekara 48 kafin ranar da aka ce an ƙirƙiro shi.

Amma ƙaryar ta riga ta yi fure. A kanta aka gina gidan tarihin besbol a Cooperstown, aka buɗe a 1939, kuma a shekarar aka shigar da sunan Spalding ciki, shekara 24 bayan rasuwarsa. Mutumin ya sayar wa Amurkawa ƙwallo, ya sayar musu da kulki, ya sayar musu da littafin doka, a ƙarshe ya sayar musu da tarihin kakanninsu. Wani abin kuma, Bud Fowler ɗin nan mai katako a ƙwauri, a Cooperstown ya tashi. Sai 2022 aka sa sunansa a gidan.

Alhajin Bronx:
Na taɓa kai iyalina garin, tafiyar kusan awa huɗu daga nan. Su kansu masu gidan tarihin ba sa cewa labarin Doubleday gaskiya ne yanzu. A nan kam na sallama miki, Hajiya. Amma ki bar ni da wannan: na tsaya gaban gilashi na ga irin safar hannun farko, 'yar ƙarama, na ga kulakan da, masu kauri da nauyi kamar taɓarya. Spalding har yana da samfurin kulki da ya sa wa sunan sandar keken doki, don irin busasshen katakon da ake so ke nan. Akwai ma lokacin da aka halatta kulki mai fefe a gefe ɗaya, daga 1885 zuwa 1893. Abin da na gani shi ne kafin irin su Spalding kowane gari da irin ƙwallonsa, wani ya yi tsalle wani ya mutu a ƙasa. Wanda ya sa yaro a ƙauye da tauraro a birni suka riƙe abu iri ɗaya, ya yi aiki, ko da aljihunsa yake kallo.

Ɗan Kwando:
To su kulakan Louisville Slugger da nake gani a bidiyo fa?

Alhajin Bronx:
Wannan wani gida ne daban, na iyalin Hillerich, masu aikin katako a Louisville ta jihar Kentucky. Su kam, Spalding bai haɗiye su ba. Su ne a 1905 suka biya tauraron ɗan wasa Honus Wagner don su buga sa-hannunsa a jikin kulki, salon da har yau ake yi da takalma da riguna.

Mai Gwanjo:
Jama'a na dawo. Na haska da fitilar waya. Ƙyallen ya koɗe amma ana karantawa. An rubuta a Koriya aka yi ta. Akwai kuma sunan wani yaro da aka rubuta da biro a gefen babban yatsa.

Autan Zaure:
Inna lillahi. Na janye kashi goma na.

Alhajin Bronx:
Sai haƙuri, ƙanena. Idan Koriya ce, to ta bayan 1970 ce, lokacin da kamfanonin Amurka suka mayar da ɗinkin safar hannu Asiya. Irinta ana samu a kasuwar tsofaffin kaya a nan da kuɗin cin abincin rana. Yaron shagonka bai yi ƙarya ba, ana sayar da kayan besbol da tsada, rigar shahararren ɗan wasa Babe Ruth ta 1932 ta haura dala miliyan 24 a gwanjon da aka yi a 2024. Amma can ba fata ko yadi ake saya ba, wanda ya sa ake saya, da shaidar cewa shi ɗin ne ya sa. Ko safar hannu ta 1880 da wani abu, mai yankakkun yatsu, sai ta zo da tambarinta lafiya kafin ta yi kuɗin kirki.

Malamar Tarihi:
Gwanjonsu da gwanjonmu suna ne kawai ya haɗa su. Amma kada ka ba mai masara. Ka rataye ta a shago kusa da hulunan hana-sallah masu NY ɗin nan da kake sayarwa, ai 'yan gida ɗaya ne. Rabin masu sa hular ba su san ta ƙungiyar besbol ba ce.

Mai Gwanjo:
Wallahi Hajiya ni kaina yau na sani. Na ɗauka tambarin birnin ne kawai.

Baba Baduku:
Yaro, in ba za ta yi maka kuɗi ba, kawo mini ita. Ina so in warware tsirkiyar in ga yadda suka juya ɗinkin yatsun ta ciki, don ban gane ta inda suka fitar da basilla ba. In na gama zan mayar maka da ita yadda take, in shafa mata man shanu. Nawa za ka bar mini?

Mai Gwanjo:
Haba Baba, ni in karɓi kuɗinka? Gobe bayan la'asar zan aiko yaro da ita. Sai dai a yi mini alfarma kada a goge sunan yaron nan na jiki.

Baba Baduku:
Ba zan taɓa wurin ba. Ka ce wa yaron ya tambayi rumfar dukawa, kowa ya san inda nake zama.